Matsalar Zaɓen Kamfanin Wallafa ga Sabuwar Mujallar Hausa: Tsokaci daga Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, duk sa'ad da aka ambaci Batsari ko Safana a jarida ko a rediyo, abin da yakan biyo baya shi ne adadin waɗanda aka kashe, ko waɗanda aka sace, ko yawan shanun da aka kora zuwa Dajin Rugu. Alal misali, cikin watan Fabrairu na 2020 duniya ta ji sunan Tsauwa da Dankar, ƙauyuka biyu na ƙasar Batsari, saboda an hallaka mutum 30 a hari guda. Bayan 'yan kwanaki kuwa sai aka daina zancensu. Wakilan jaridu ba su yi ƙarya ba, amma abin da suka faɗa gutsure ne. Manomin da ya bar gonar rogonsa, da malamin da aka rufe makarantarsa, da makiyayin da shi ma aka raba da garkensa, ba su sami inda za su ba da labarinsu da bakinsu ba.

Wannan ne ya sa mu da wasu abokan aikinmu 'yan asalin yankin muka daɗe muna shawarar kafa mujalla ta Hausa, wadda za ta riƙa fitowa ko da sau huɗu ne a shekara. Duk lokacin da aka zauna, ba a daɗewa wajen daidaitawa a kan abin da za a rubuta. Inda ake cijewa shi ne, wa za a ba ya buga ta? Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tambayar nan ta shafi adabi kamar yadda ta shafi kuɗi, domin wanda ya ɗauki nauyin buga mujalla shi ne editanta na farko, ko da sunansa bai fito a shafin editoci ba. Za mu waiwayi tarihin jaridu da mujallun Hausa, mu auna irin masu wallafar da suka ɗauke su, sa'an nan mu ga darasin da ke ciki ga Batsari da Safana.

2.0 Mai Ɗab'i da Mai Wallafa

Kafin mu shiga cikin tarihi, ya kamata mu warware wani ruɗani da ke tsakanin kalmomi biyu. Bahaushe yakan ce "masu buga littafi" ya haɗa mutum biyu waɗanda aikinsu ya bambanta. Mai ɗab'i shi ne mai inji da tawada da takarda. Kai ne za ka biya shi, ya buga maka abin da ka kawo, ya ɗaure, ya miƙa maka kayanka; ko su sayu ko su ruɓe, ba ruwansa. Mai wallafa kuwa shi ne wanda yake zaɓen abin da za a buga, ya sa a tace shi, ya zuba kuɗinsa, ya nemi talla, ya rarraba, riba tasa, hasara ma tasa. Yana iya kasancewa da injinsa, yana kuma iya kai aikin ga wani.

Da yawa daga cikin mujallun da muka ga sun fito sau ɗaya ko sau biyu suka ɓace, rashin fahimtar wannan bambanci ne ya kashe su. Masu su sun kai aiki ga mai ɗab'i suna zaton sun sami mai wallafa. Ranar da aka sauke musu damman mujalla a ƙofar gida, ranar suka gane ba su tanadi wanda zai sayar ba.

3.0 Waiwaye a kan Masu Wallafa Jaridu da Mujallun Hausa

Idan muka dubi tarihi tun daga shekarun 1930, za mu iya karkasa masu wallafar nan gida huɗu.

3.1 Hukuma

Hukuma ce ta fara. Daga Hukumar Fassara ta 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi cikin 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East a Zariya, aka sami Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita cikin Janairu na 1939. Editanta na Hausa shi ne Malam Abubakar Imam, wanda aka ɗauko daga Makarantar Midil ta Katsina. Cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya domin ya riƙe wannan aiki. Daga baya kuma, a zamanin Yaƙi da Jahilci, aka kafa Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga wajen 1954 zuwa 1959. A ƙarƙashinta ne aka yi jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauci.

Himma ita ce mafi kusa da abin da muke nufin yi, domin jarida ce ta yanki guda, an yi ta saboda talakan da bai daɗe da koyon karatun boko ba. Alherin irin wannan mai wallafa a fili yake. Yana da inji, yana da ma'aikatan da suka goge wajen tace Hausa, yana kuma da hanyar kai jarida har gunduma ta hannun En'e da azuzuwan Yaƙi da Jahilci. Daidaitacciyar Hausar da muke koyarwa a kwalejoji yau, a shafukan Gaskiya ta yi ƙarfi. Sai dai kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Gaskiya ne domin ta kashe jita-jita a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, ta kuma bayyana wa jama'a manufofinta. Imam ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, amma da siyasar jam'iyyu ta zo, 'yan NEPU sai da suka nemi murya a wani wuri, watau a Daily Comet ta Dokta Azikiwe wadda ta koma Kano cikin 1949. Jaridar lardi da ta dogara ga En'e wajen isa hannun mai karatu, ba a sa ran ta tuhumi hakimi a kan haraji ko jangali.

Aibi na biyu shi ne, ran jaridar hukuma a hannun hukuma yake. Da NORLA ta kasa ɗaukar kanta aka rufe ta cikin 1959, jaridun larduna suka rasa uwar da ke goye da su. Abin ya maimaita kansa a zamaninmu. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Kamfanin Triumph a Kano cikin 1980, wanda ya fito da Albishir cikin boko da Alfijir cikin ajami. Cikin 2012 wata gwamnatin jihar ta rufe shi, sai daga baya aka sake farfaɗo da shi. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, bayan ta haura shekara 70, ta durƙushe tare da kamfanin New Nigerian a farkon shekarun 2010, alhali gwamnatocin jihohin Arewa 19 ne suke da shi.

3.2 Attajiri Ɗan Siyasa

Kashi na biyu shi ne mai kuɗin da yake da buƙata a siyasa. Misali biyu sun isa. Kamfanin Concord na Cif M. K. O. Abiola ya buga Amana, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa kuma, ɗan Katsina, ya kafa The Reporter da Nasiha a Kaduna. Adalci ne mu yaba wa Nasiha, domin a shafukanta aka fara muhawarar nan a kan littattafan soyayya na Kano a farkon shekarun 1990, muhawarar da har yau ɗalibanmu suke rubuta kundaye a kanta. Irin wannan mai wallafa yana biyan albashi mai kyau, yana kuma iya jure hasara ta shekaru, tun da ba ribar jarida yake nema ba.

Amma jaridar takan bi ƙaddarar mai ita. Bayan rikicin zaɓen 12 ga Yuni na 1993, sojoji sun rufe gidan Concord, Abiola kuma ya rasu a tsare cikin 1998. Shehu 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki cikin Disamba na 1997. Yau babu Amana babu Nasiha a gaban mai sayar da jarida. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin mafi sauƙin kuɗin da sabuwar mujalla za ta samu a Batsari ko Safana shi ne na ɗan majalisa ko na mai neman shugabancin ƙaramar hukuma. Ranar da hotonsa ya hau bangon mujalla, ranar rabin masu karatu za su ɗauke ta a matsayin takardar kamfe.

3.3 Kamfanin Kasuwanci

Na uku shi ne kamfanin da ya kafu domin ciniki. Babban misalinsa a Arewa shi ne NNPC na Zariya, wanda aka kafa cikin 1966 da haɗin gwiwar Macmillan. Shi ya gaji littattafan Hukumar Talifi da na NORLA, shi ya shirya gasar da ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed cikin 1980. Ta fuskar tacewa da kiyaye ƙa'idojin rubutu, aikinsa na wancan lokaci abin koyi ne. Sai dai ƙarfin irin wannan kamfani yana ga littattafan makaranta, waɗanda ma'aikatun ilmi suke saye da yawa a lokaci guda. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, sai kamfanonin suka ƙara janye jiki daga duk abin da ba ya cikin manhaja. Masana'antun takarda na gida, na Jebba da Iwopin da Oku Iboku, su ma suka tsaya da aiki, ya zama takardar da ake buga jarida a kanta daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala.

Kamfanin jarida na kasuwanci yana iya riƙe jaridar Hausa, kamar yadda Media Trust yake riƙe da Aminiya tun 2006. To, amma Aminiya ta ƙasa baki ɗaya ce, tana kuma jingine da injin Daily Trust da motocin rarraba ta. Mujallar ƙananan hukumomi biyu, wadda masu karatunta malaman firamare ne da ma'aikatan asibiti da ɗalibai, ba ta da ribar da za ta ja hankalin babban kamfani. In ma ya karɓa, a ƙarshen layi zai ajiye ta.

3.4 Wallafa da Kai

Na huɗu shi ne marubuci ya zama mai wallafar kansa. Wannan hanya ce matasan Kano da kewaye suka bi tun daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da manyan kamfanoni suka rufe musu ƙofa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ta nan suka fito. A fagen mujalla kuwa, misalin da ya fi dacewa shi ne Fim, wadda Ibrahim Sheme, shi ma ɗan Jihar Katsina, ya fara bugawa cikin Maris na 1999, ta kuma daɗe fiye da takwarorinta da dama da suka taso tare. A ganinmu dalili biyu ne suka riƙe ta. Mai ita gogaggen edita ne tun kafin ya kafa ta, sa'an nan tana da jama'a ayyanannu, watau masu shirya fim da masu kallo, waɗanda suke saye suna kuma ba da talla.

Malamai sun sha sukar adabin kasuwar Kano a kan rashin tacewa, kuma sukar tana da tushe. An ga littattafai da shafi a juye, da kalmomi a haɗe inda ya kamata a raba. Amma masu sukar sukan manta cewa waɗannan matasa sun warware matsalar da ta gagari NORLA duk da kuɗin gwamnati, watau sayarwa. Sun bi ta hannun dillalan kasuwa da masu kai kaya ƙauyuka da masu ba da hayar littafi, har littafin ya shiga ɗakin matar aure a cikin kulle.

4.0 Ma'aunin da Ya Dace da Batsari da Safana

Daga abin da ya gabata, muna ganin akwai abubuwa huɗu da za a auna kowane mai wallafa da su.

Na farko shi ne harshe. Mun taɓa kai mujallar sashenmu ga wani mai ɗab'i, muka ba shi aiki tsaf da baƙaƙe masu lanƙwasa. Da ya zuba shi a kwamfutarsa ya sauya salon harafi, sai duk ƙ da ɓ da ɗ suka zube, wasu suka koma akwatuna. Ba mu gani ba sai da aka gama ɗaurewa. Baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, gaɓa ta koma gaba. An zauna a kan ƙa'idojin rubutun Hausa a Bamako cikin 1966, da Kano cikin 1972, da Yamai cikin 1980, amma yaron da ke gaban kwamfuta a gidan ɗab'i bai san an yi ba. Har ila yau akwai batun karin harshe. Dattijon Runka da aka yi hira da shi zai ce zamna da amre da halshe da hwara. Sharhin edita ya kamata ya bi daidaitacciyar Hausa, amma maganar dattijon a bar ta yadda ya faɗa. Mai tacewar da bai san Katsinanci ba zai "gyara" masa ita, ya shafe abin da masu nazarin harshe za su nema nan gaba. Haka kuma, yankin da yake da ɗimbin masu karatun allo da Fulani makiyaya ya cancanci shafi ɗaya na ajami, kamar yadda Alfijir ta nuna yana yiwuwa.

Na biyu shi ne 'yanci da amana. Wannan yanki ya ga sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi da 'yan bindiga cikin 2019 da yadda ya wargaje. Ya ga kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha cikin 2023, ya kuma ga sulhun da al'ummomi suka shiga cikin 2025. A kan kowane ɗaya daga cikinsu mutane sun rabu, kuma kowane ɓangare yana da gawar da yake kuka a kanta. Mujallar da mai wallafarta ya hana ta sukar hukuma ba ta da amfani, wadda kuma ta zama bakin ɓangare ɗaya, ta ɗora wa ƙabila guda laifin 'yan ta'adda, fetur za ta zuba a wuta. Daɗin daɗawa, a nan kuskuren ɗab'i yana iya zama sanadin rai. In an yi wa mutum alkawarin ɓoye sunansa, sai wani ya mayar da sunan ko ya sa hoton gidansa domin shafi ya yi kyau, to, shi da iyalinsa ne za su kwana a ƙauyen, ba mai wallafar da ke birni ba.

Na uku shi ne rarrabawa. Wasu abokanmu suna cewa a bar takarda gaba ɗaya, a sa mujallar a intanet, tun da ba ta buƙatar tawada. Muna tunatar da su cewa cikin Satumba na 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, kuma an yi watanni kafin a mayar. A tsawon wannan lokaci ɗan Batsari da ke Legas yana iya karanta abin da ke intanet, na gida kuwa ba ya iyawa. Saboda haka intanet ta zama ƙari domin 'yan yankin da ke nesa, takarda ta zama tushe. Wanda zai rarraba takardar kuma dole ya san ranakun kasuwanni, da direbobin da ke bin hanyar Katsina zuwa Batsari da ta Dutsin-ma zuwa Safana, da lokacin da hanya take da lafiya. Wannan sani ba ya cikin ofishin kowane kamfani a Zariya ko Abuja.

Na huɗu shi ne mallaka da ajiya. Sunan mujalla da haƙƙin abin da ke cikinta su kasance na masu ita a rubuce, domin in an ɓata da wanda ke bugawa a iya ɗauke aiki a kai wani wuri. A nemi lambar rajistar mujalla daga Laburaren Ƙasa, a kuma riƙa kai kofe uku na kowace fitowa kamar yadda dokar 1970 ta tanada. Duk wanda ya taɓa neman tsofaffin jaridun larduna domin bincike ya san wahalar da rashin ajiya yake jawowa. Tarihin Ruma da na Ɗanwaire yau a bakin dattawa muke tsintarsa. Bai kamata tarihin waɗannan shekaru na tashin hankali ya dogara ga tunanin waɗanda suka tsira kaɗai ba.

5.0 Kammalawa

Idan muka ɗora kashi huɗun nan a kan ma'auni, za mu ga hukuma ta yi fice wajen harshe amma ta gaza wajen 'yanci da ɗorewa. Attajirin siyasa yana da kuɗi, amma ran mujallar yana ɗaure da nasa. Babban kamfani yana da ƙwarewa, sai dai ba ya ganin riba a wurinmu. Wallafa da kai tana da 'yanci da sanin kasuwa, rauninta shi ne tacewa da ƙarancin jari.

Ra'ayinmu shi ne masu mujallar su zama masu wallafar kansu, a matsayin ƙungiya mai rajista, su ɗauki mai ɗab'i haya a Katsina ko Kano bisa yarjejeniya rubutacciya: ba za a buga ba sai edita ya sa hannu a kan gwajin ƙarshe, kuma in an ɓata aiki mai ɗab'i ne zai sake shi. Raunin tacewa kuwa, nan ne aikinmu yake, mu malaman Hausa na kwalejojin ilmi na Dutsin-ma da Katsina da jami'o'in jihar. Muna da masu digiri a kan ƙa'idojin rubutu waɗanda ba su taɓa tace shafi ɗaya da talaka zai karanta ba. Ta fuskar kuɗi, kada a fara sai an tara abin da zai buga fitowa huɗu, daga karo-karon membobi da kuɗin masu yin rajistar saye na shekara, kuma kada a bar mutum ɗaya ya ba da abin da in ya janye mujallar za ta faɗi.

Mun san wannan hanya tana da nata haɗari. Ƙungiya tana iya rabuwa, masu aikin sa kai suna gajiya, farashin takarda kuma ba ya jiran kowa. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman waɗanda suka taɓa riƙe mujallar sashe ko ta ƙungiya, za su faɗa mana inda lissafinmu ya karkace, tun kafin mu kai shafin farko gidan ɗab'i.